Makahon Da Bai Iya Makanta Ba

Zuwa ga masu girma alƙalan gasar gajerun finafinai kan masu buƙata ta musamman, ma'abota ilimi da idanu biyu-biyu, Allah ya ƙara muku gani.

Bayan gaisuwa da fatan kun warware gajiyar zaman kwana uku kuna kallo. Sunana Salamatu, ina da injin markaɗe a Dutsen Kura. Ni ce mai fim na goma sha bakwai, wanda ya zo na ƙarshe. Na ɗauke shi da waya, minti tara ne, kuma ba komai a ciki sai mijina Ndanusa yana saƙa kujerar roba tun daga ƙarfe tsirara har ta zama abin zama. Takardar sakamakonku ta iso, na karanta masa sau biyu, ga kuma ɗan abin da ya tsaya mana a wuya.

Na ɗaya. Kun rubuta cewa ɗan wasan bai iya kwaikwayon makaho ba, ya kamata ya je ya zauna da makafi ya ga yadda suke. Mun gode da wannan shawara. Ndanusa ya rasa ganinsa yana ɗan shekara tara, yanzu yana da arba'in da shida. Ashe shekara talatin da bakwai yana abin ba daidai ba, babu wanda ya tausaya ya gaya masa sai ku. Mun rubuta a shafi na biyu na fom cewa makaho ne, amma na san manya ba su cika juya takarda ba. Wane makaho kuke so ya je ya gani? Kuma da wane ido?

Na biyu. Kun rage mana maki don ya zuba shayi bai zubar ba, ya kuma ɗauki almakashi ba tare da lalube ba. Ranku ya daɗe, almakashin nan wuri ɗaya yake kwana tun kafin a kawo ni gidan. Ni ce ma mai idon nake ɓatar da shi, ya yi ta faɗa.

Na uku. Kun ce fim ɗin bai taɓa zuciya ba, domin mutumin yana ta dariya. Laifina ne. Lokacin ɗauka wata mai awara ce ta tsaya suna tsokanar juna, ban san doka ta hana ba. Da kun sanar tun farko cewa hawaye ake aunawa, ai da na yanka albasa a bayan waya.

Na huɗu, ina taya ku murnar fim ɗin da ya ci. Yaron nan Nma da ya fito a makaho ya yi ƙoƙari ƙwarai. Ya juya idanunsa sama har sai fari ake gani, ya faɗa kwata sau uku, ya yi karo da akuya, ya miƙa hannu yana bara ana busa sarewa mai sa kuka, daga ƙarshe wani attajiri ya dafa kansa. Na ga shugabanku yana share hawaye da hularsa. Bayan taro Nma ya karɓi kofinsa, ya hau babur, ya ratsa cunkoson motoci kamar kifi a ruwa. Wannan warkewa tasa ta burge ni.

Na biyar tambaya ce kawai. Ku biyar ne a teburin. A cikinku wa ya taɓa riƙe sanda, ko da ta korar kaji ce? Minna ba ta rasa makafi masu digiri da kurame masu koyarwa ba. An dai gayyato wasunsu, na gan su a layin baya, an kira su gaba da za a ɗauki hoto.

Yanzu bari in ajiye wannan lissafi in faɗi abin da ya sa na shiga gasar, don ba kofi nake nema ba, kwanukan da ke ɗakina sun ishe ni wanki. Kun yi alkawarin za a zaga makarantu da fim ɗin da ya ci. Muna da 'ya, Karima, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. 'Yan ajinsu suna kiranta 'yar mabaraci, alhali ubanta bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba sai don gaisawa. Na so su zauna minti tara su ga yatsunsa suna aiki, shi ke nan.

Kun cika alkawari, Allah ya saka. Makon jiya an nuna na Nma a makarantarsu. Tun ranar, da ta shigo aji sai yara su juya idanu sama su yi ta karo da benci suna dariya. Da, kullum tare suke fita da safe, ita da ubanta, ta raka shi rumfarsa a bakin titi ta wuce. Yanzu ta bayan gida take zagayawa. Shi kuwa yakan tsaya a ƙofa ya ɗan jira kafin ya tafi. Wannan ya ƙona min rai, kuma har yanzu yana ƙona shi.

Saura abu ɗaya. Ranar bikin, da muka zo fita, Ndanusa ya dafa ɗaya daga kujerun teburinku, sai ya tsaya ya zura hannu ƙarƙashinta. Akwai wani ƙulli da yake yi a kusurwar hagu idan ya gama saƙa, biyu a haɗe, ba mai yin irinsa a garin nan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duka biyar nasa ne, masu ba da hayar kujeru ne suka kawo masa aikin bara. Wato kwana uku kuna zaune a kan aikin mutumin da bai gamsar da ku ba, kuma ban ji wanda ya faɗi ba.

Ya ce in sanar da ku ta tsakiya, wadda shugaba ya zauna a kai, robarta ta fara saki ta dama, da alama ran mai girma ya daɗe yana jingina gefe guda. Zai gyara kyauta.

Roƙona ɗaya ne, ba sai kun sake duba maki ba. Ku ɗauko kujerar da kanku, ku biyar ɗin, cikin manyan rigunanku, ku kawo ta rumfarsa. Amma don Allah ku zo ƙarfe bakwai da rabi na safe, ranar karatu. Lokacin ne 'yan ajin su Karima suke wucewa.

Taku mai biyayya, wadda ta zo ta ƙarshe kuma ta gode,

Salamatu Ndanusa
Mai markaɗe, Dutsen Kura, Minna