Ranar da Na Yanka wa 'Yan Gidanmu Hali a Gidan Barka

Ba zan taɓa mantawa da barkar haihuwar matar ƙanena ba. Ko na so in manta ma, 'yan gidanmu ba za su bari ba.

Ni malamar makaranta ce a Tarauni, kuma a lokacin wata cuta ta kama ni. Na ɗan karanta wasu rubuce-rubuce a waya kan halayen mutane, shi ke nan na ɗauki kaina likitar zukata. Mai adaidaita, shugabar makarantarmu, har maigidana, kowa sai na yanka masa hali (shi dai bawan Allah "haka ne" kawai yake cewa, ya ci gaba da cin tuwonsa).

Da Zainab matar ƙanena ta haihu, sai muka tare a gidansu da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Haihuwar fari ce, ta zo mata da hawan jini, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Daga makaranta sai can: in ɗauki jariri, in ajiye, in leƙa tukunya, in gyara abin da ba a ce in gyara ba. Ni na naɗa kaina mai kula da cibiyar yaron, tunda na haifi uku.

Wata rana da yamma, kafin suna, falo cike da 'yan barka, sai ga maƙwabciyarsu Maman Chidi. Nas ce a asibitin koyarwa, a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ta latsa ƙafar Zainab, ta kalli kofin kunun kanwa da ke gefenta, ta ce cikin ladabi a janye kanwar nan, domin mai hawan jini da kumburi kanwa na iya wahalar da zuciyarta.

Goggo Rabi, ƙanwar babanmu, ta miƙe har ɗankwali na zamewa. Ta ce ita tara ta haifa da kunun kanwa kuma ga ta nan daram, 'yan asibiti sun mai da iyayensu jahilai. Inna, mahaifiyarmu, murmushi kawai ta yi, ta ce, "To, 'yar nan, an gode, Allah ya yi albarka." Duk wanda ya san Inna ya san wannan "to" ɗin: gobe kanwar ƙaruwa ma za ta yi. Yayarmu Sadiya kuwa tambayoyi ta shiga jerowa, jar kanwa ko fara, wa ya bincika, har ta fara lalubo lambar wani likita.

Da na kama bakina da na tsira. Amma sai na gyara zama, na ɗora ƙafa kan ƙafa, kamar ina gaban 'yan aji.

"Kun ga matsalarmu ke nan," na ce. "Idan gaskiya ta zo, mutane iri-iri ne. Akwai masu faɗa, kamar Goggo. Akwai masu to a baki, a'a a zuci." (Nan na kalli Inna, Allah ya yafe mini.) "Akwai masu ɓuya a bayan tambaya. Sai irinmu, 'yan kaɗan, da in aka kawo mana hujja nan take muke karɓa, ko ta rushe abin da muka sani."

Ina cikin wannan wa'azi Maman Chidi ta karɓi jaririn, ta buɗe zaninsa, ta sunkuya ta shinshina. Sai ta ɗago.

"Wa ke sa wa yaron nan makilin a cibiya?"

Zainab ta kalle ni, sauran idanu suka bi nata.

Na ce ni ce, sai me? Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce 'ya'yana uku dukkansu da makilin cibiyarsu ta faɗi, ga su can suna tsalle, kada a zo a koya mini raino. Ta nuna mini yadda gefen cibiyar ya yi ja, ta ce makilin na ƙona fatar jariri, ƙwayar cuta ta sami hanya. Ta tambaye ni ina maganin cibiyar da aka ba su Zainab a asibiti. (Yana cikin durowa. Ni na jefa shi, na ce ba ya sauri.) Sai na sauya salo: wane makilin take nufi, fari ko ja? A wane littafi aka rubuta? Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko ɗaga murya ba. Da na ga ƙofa ta toshe, na koma na zauna, na yi murmushi, na ce, "To, Maman Chidi, an gode, Allah ya saka." Hannuna kuwa na cikin jaka, ina cusa makilin ɗin can ƙasa.

Goggo ce ta fara tuntsirewa da dariya. "Malama," ta ce, "mu kowa hali ɗaya ta ɗauka. Ke kin haɗa ukun, ko ruwa ba ki sha a tsakani ba."

Har mai jego sai da ta riƙe ciki. Na ce na tuna na bar tukunya a wuta, na suri mayafi na fice. A cikin adaidaita na ci gaba da musu da Maman Chidi a zuciyata, ina ta kayar da ita, har muka wuce layinmu ban sani ba. A gida na duƙufa kan waya ina neman wanda zai goyi bayana, can ƙasan raina kuwa jan nan na gefen cibiyar ya hana ni sakat. In wani abu ya sami yaron nan, da wane ido zan kalli ƙanena?

Allah ya rufa asiri. Aka koma kan maganin asibiti, jan ya lafa, cibiya ta faɗi lafiya. Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne labarin Goggo. Washegari da sassafe ita ta zubar da kunun, ta dama sabo ba kanwa, ta ƙwace ƙullin kanwar daga hannun Inna. Da aka tsokane ta, cewa ta yi faɗa ta yi, ba ta ce yarinyar ƙarya take ba. Ni mai karɓar hujja nan take, sai ranar suna na iya haɗa ido da Maman Chidi na ba ta haƙuri, shi ma a bakin ƙofa, muryata ƙasa-ƙasa.

Abin da na koya shi ne, gaskiya tana da daɗin tafi idan kan wani ta faɗa. Ba ka sanin irin halinka sai ta taka naka. Yanzu idan aka ƙaryata wani a gabana, na ji wa'azi yana taso mini, sai in nemi cincin in cika bakina.