Yadda Ake Busar da Birki Alhali Suruki na Zaune a Gaba

Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari birkinka zai bushe ƙayau ba tare da kowa ya san ya jiƙe ba. Na tsara su ne domin mutumin da ya ɗauko surukinsa a mota, tsohon ya ce, "Mu zagaya, ruwan nan da zurfi," shi kuwa gogan ya ce, "Haba Baba, wannan ai ko kaza ta haye."

1. Kada ka yi saurin murna

Kun fito, ruwa na tsiyaya daga ƙofofi. Ɗan taɓa birki. Ka taka, motar ko a jikinta? To, ya sha ruwa. Zufa za ta karyo maka. Ce garin ne da zafi, ko da ana yayyafi.

2. Rage gudu, ka kira shi ladabi

Sa giya ta ɗaya ka bi gefen titi. In Baba ya bi mai keken da ya wuce ku da kallo, ce, "Ai ba a gudu da manya." Masana sun tabbatar babu surukin da ya taɓa musa wannan.

3. Ƙafa biyu, aiki biyu

Dama a kan totur, hagu na taɓa birki a hankali, kana takawa kana saki. Gugar ce ke kawo zafi, zafin ya kori ruwa. Sai dai ƙafar hagu da kuloci ta saba, ba ta iya lallashi ba. Motar za ta zabura, hular Baba ta faɗo kan gwiwarsa. Kada ka dube shi. Yi tsaki ka la'anci ramuka, ko da titin sumul yake.

4. Rufe ƙarar

Birki zai yi ƙiii. Yi tari a kai. In ya sake, tambayi Baba ciwon bayansa. Wannan amsa ba ta ƙarewa da wuri.

5. Gwaji

Nemi inda ba kowa a bayanka, ka taka da ƙarfi. Ta tsaya cak? Yi hamdala a zuci, ka ce madubi ka tsaya gyarawa.

6. Haƙuri

A nan Baba zai karkaɗe hularsa, idonsa a kan titi, ya ce, "Ɗana, ƙara takawa kamar sau uku, bai gama bushewa ba. Ni ma tun bakin ruwa nake taya ka takawa ta nan, har ƙafata ta sage."

Ce, "To, Baba." Kada ka ƙara ko kalma ɗaya.

A kula: Ba ruwana in labari ya riga ka isa gida, ko matarka ta tarbe ka tana danne dariya da mayafi. Wanda kuma aka laƙaba wa "Matuƙin Jirgi" a gidan surukai, ya amsa abinsa da haƙuri. Ni ma shekara tara ke nan ina amsa nawa.