Sunan da Na Rubuta a Gurbin Mafi Kusa

Duk abin da zan manta a zamana na Alƙahira, ban da ranar da na suma a ajin Turanci a unguwar Ma'adi.

Da na je rajista sai aka miƙo mini fom, akwai wani gurbi da aka rubuta "next of kin". Ni kuwa na san kalmar sarai, don na taɓa bin diddiginta: a tsohon Turanci "next" na nufin wanda ya fi kowa kusa, daga baya ne ta koma abin da ke biye. Har na yi wa sakatariyar bayani tana gyaɗa kai. Sai na tambayi zuciyata, wa ya fi kusa? Ba ta ce Anti Rabi da nake zaune a gidanta ba. Cewa ta yi Bashir, ɗan Nijar mai shagon turare a unguwar Hayyin Ashir, wanda sau biyu kacal muka taɓa magana (duka biyun a kan humra ne). Lambarsa a allon shago na kwafa. A gurbin dangantaka na rubuta da Larabci: mijin gobe.

Wata uku bayan nan, ga zafi, ga cunkoson jirgin ƙasa na metro, ban karya ba. Ina shiga aji na zube.

Na farfaɗo a ofis, sai ga Bashir tsaye da ledar lemu, gumi sharkaf. Ashe lambar da ke kan fom suka kira.

"Sannu baiwar Allah," ya ce. "Wai ke ce 'yar'uwar tawa?"

Sakatariya ta ɗaga fom. "A'a, a'a! Mijin gobe aka rubuta. Mabruk!"

Na rufe ido na sake suma (wannan karon na ƙarya ne). Ina ji yana cewa, "Ma'alish, ba komai, ku ba ta ruwa. Ni dai yau na sami labari."

Shi ya kai ni gida a tasi. Anti Rabi ta saurari komai, ta dube ni.

"Ni da nake dafa miki tuwo, ko gurbin maƙwabciya ban samu ba?"

Washegari na je na sa sunanta. Yanzu kafin in rubuta mutum a fom sai na tabbatar ya san sunana. Amma ku faɗi gaskiya, mutumin da ya rufe shago ya ratsa Alƙahira da lemu saboda wadda bai sani ba, ai na iya zaɓe ba da wasa ba.