Gidan Rahila da Na Liƙe

Ba zan taɓa mantawa da ƙarshen daminar nan ba, ko da na so in manta. Shekara ce da ruwa ya zo wa Yamai kamar da faɗa. A layinmu na unguwar Dar es Salam kusan kowane gida da abin da ya rasa, wani katanga, wani makewayi. Mu ɗakin girkinmu ne ya zauna ƙasa wata Lahadi muna majami'a, muka dawo muka tarar da tukwanena ƙarƙashin laka. Tun daga ranar, in na shiga ɗakin mutane sai na dubi bango kafin in gaida masu gida.

A cikin wannan hali aka koma lakwal, wato makarantar boko. Ɗiyata Rahila, autata, tana wata lakwal ta masu hali a unguwar Kwara Kano. Ba ƙarfinmu ba ne. Yayar mijina, Tanti Saratu, ma'aikaciyar jinya, ita ta saka ta, ita ke ɗauke da nauyin. (Ba ta taɓa yi mini gori da baki ba, in faɗi gaskiya. Da ido take yi.)

Wata rana Rahila ta dawo rungume da kwali. Madam, malamarsu, ta ba kowane yaro aro, ya je gida ya gina abin da ke jikin hoton da ke kan kwalin, ya maido ranar Asabar ɗin da iyaye za su zo. Ta zazzage a tabarma, sai ga ƴan bulo na roba, ja da fari da kore, kowanne da ƴan ƙuraje a kansa. Har da taga, har da ƙofa mai buɗewa. Kullum ta dawo sai ta zauna kansu, harshe a waje, tana duba hoto tana jerawa. Kafin sati ya zagayo gida ya tashi, mai hawa biyu, jan rufi, irin waɗanda muke gani ta tagar taksi in za mu lakwal ɗin.

"Mama, zo ki taɓa," in ji ta. "Zo in koya miki. Madam ta ce iyaye ma za su yi."

"Iyayen da suka yi lakwal dai," na ce. "Ni hannuna na wanki ne, kada in rushe miki."

Ta sake kirana washegari, ta sake kirana jibi. Ni kuwa ina ta kaucewa. Karatun yaƙi da jahilci na yi, ina karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a hankali, ina rubuta sunana ba mai kama mini hannu. Amma duk abin da ya fito daga wannan lakwal tsoronsa nake ji, kamar kwanon tangaran na gidan wasu.

Daga nesa dai ina kallon gidan, kuma abin da nake gani yana damuna. Babu laka, babu siminti, babu ƙusa ko guda. An ɗora wannan kan wancan kawai. Ɗakin da maso, gwanin gini, ya gina mana da hannunsa ya faɗi, balle wannan? Ga hanyarmu ruwa ya cinye ta, taksi na tafiya yana rawa kamar raƙumi. Na hango mu mun isa gaban mutanen Kwara Kano, an buɗe kwali, an tarar da kango. Na ce a raina wannan yarinya ba za ta ji kunya ina raye ba.

Ranar Jumma'a tana lakwal na tafi kasuwar Katako. Na sami wani mai sai da kayan kafintoci na ce ina son abin liƙi mai ƙarfi, na roba. Ya ɗauko wasu ƴan ƙananan robobin kwal, wato gam mai ruwa-ruwa.

"Wannan in ka sa, an gama," ya ce. (Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" ne gare shi.) "Ko ni da na sayar maka ban iya cirewa."

Na yi murna da wannan magana. Ku ji fa, murna na yi.

Na dawo na zauna da tsinke, na bi kowane layi inda bulo ya haɗu da bulo, ina ɗiga masa yana shigewa. Na bi ta taga na yi cikin ɗaka. Na juya shi na yi ƙasa. A garinmu Dogon Dutsi mu mata ke yaɓen rumbu, kuma ba a taɓa kushe yaɓena ba, saboda haka aikin nan ma ban yi masa ha'inci ba. Idona na yaji, yatsuna na manne wa juna, ina jin daɗi. Da na gama na naɗe shi da zanena mai kyau, na sa a kwali, na ɗaure da igiya. Rahila ta dawo tana son gani, na ce a bar shi ya huta, kada a taɓa sai gobe.

Asabar muka isa, ni da ita da Tanti Saratu. An kafa rumfa a filin lakwal, an jera tebura, iyaye sun cika wuri da ƙamshin turare. Yara suka fito da gidajensu. Wasu rufi ya zame a hanya, wasu ƙofa ta fita. Namu ya fito a tsaye cur. Sai dai wani fari-fari ya feso a jikin bangon, kamar kanwa. Rahila ta goga da yatsa bai fita ba, ta dube ni, na dubi rumfa. Duk da haka zuciyata fari ƙal. Har na ɗan gyara ɗaurin kallabina.

Madam ta tashi ta yi jawabi da Faransanci, aka yi tafi, ni ma na yi. Na sunkuya na tambayi Tanti abin da aka ce.

"Cewa ta yi kowane yaro ya wargaza gidansa," ta ce. "Sannan shi da uwarsa ko ubansa su sake ginawa tare. Abin da aka tara mu a kai ke nan. Tashi, ga kujerarki can kusa da ita."

Na je na zauna kusa da Rahila. Ko'ina sai ƙarar bulo na zuba a tebur kamar ana sheƙar gyaɗa, yara na dariya, manya na naɗe hannun riga. Rahila ta kama rufin ta ja. Ta sake ja. Ta sa farce, ta sa haƙori. Ta rungume shi a ƙirji ta murɗa.

Wani uba a teburin kusa da mu, ƙato mai tumbi da agogon zinariya, ya ce, "Kawo nan, ɗiyata, in taimake ki." Ya ja da hannu ɗaya yana murmushi. Ya sa hannu biyu. Ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Gidan ko gezau. Sai ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Jama'a, wane maso ne ya yi wannan? Ku haɗa ni da shi, katangata ta faɗi bana."

Rumfa ta ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani, amma wadda ake yi wa ba ta bambanta su. Madam ta zo ta karɓa, ta juya shi, ta shinshina. Sannan idonta ya sauka kan yatsuna, inda kwal ɗin ya bushe ya yi ɓawo fari. Na tura su cikin zane, amma na makara.

"Maman Rahila, ke ce?" ta tambaya da Hausa, a hankali.

"Ni ce," na ce. "Saboda hanya."

"Saboda hanya," in ji Tanti Saratu daga bayana. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma har yau in na tuna sai bayan wuyana ya yi zafi.

Madam mutuniyar kirki ce. Ta je ta tattaro ragowar bulo daga wani kwali ta zuba mana, ta ce mu gina ko mene ne. Rahila ta sa hannuwanta ƙarƙashin tebur ba ta fito da su ba. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Haka muka zauna, ni da ita da gidanmu da ba ya rushewa, kowa na gini kewaye da mu. Wani yaro ya wuce ya ce mata "ɗiyar maso", abokansa suka ɗauka. Na ji sunan ya bi tebura har ƙarshen rumfa, na kuma san zai bi ta aji ranar Litinin.

Da za mu tafi Madam ta ce mu ɗauki gidan, lakwal ba ta da abin yi da shi. Tanti ta ce ita za ta san yadda ta yi da masu lakwal kan kuɗinsa. A taksi ta juyo sau ɗaya ta ce, "Abin da ba ki sani ba tambaya ake yi. Mai sanin na kwana ɗaki ɗaya da ke."

Da yamma na zuba wa Rahila tuwo.

"Na ce ki zo in koya miki," ta ce, idonta a kwano. "Na riga na zaɓa miki inda za ki yi. Ƙofa ce, ita ta fi sauƙi." Can kuma ta ce, "Gobe a majami'a wurin Tanti zan zauna."

Abin da na koya dai ba mai yawa ba ne. Ashe akwai gidan da don a rushe shi ake gina shi, kuma in yaro ya ce zo ki taɓa, a je a taɓa. Na kai shekaruna kafin in san haka, kuma ɗiyata ce ta biya kuɗin karatun.

Washegari na ce kaina na ciwo, suka tafi majami'a suka bar ni. Na dafa ruwa na jiƙa gidan a roba, na zauna da allura ina tsokanar layukan da na bi da tsinke. Mai kwal bai yi ƙarya ba. Har rana ta yi tsaka, bulo biyu kaɗai suka fita, daga can saman rufi inda hannuna bai kai sosai ba. Na kankare su, na goge da gefen zane. Na duba ba kowa a gidan, sai na ɗora ɗaya kan ɗaya na danna. Suka ce ƙas. Na girgiza su, na kife su ƙasa, suna riƙe da juna. Na ja kaɗan, suka rabu.