Kiɗan Da Bai Tashi Ba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Alhamis a Samaru ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar har na gaji.

Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu, ina zaune a wani gidan haya mai ɗakuna takwas. Wata biyar na yi a gidan, amma in ka cire "ina kwana" da "an kawo wuta?", ba na jin na yi wata magana da kowa. Ba girman kai ba ne. Ni dai in na ga mutum uku zaune sai harshena ya yi nauyi. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, sai na riƙa toshe kunnuwana da kiɗa, wani irin kiɗan Turawa da babu waƙa a cikinsa. Akwai wanda suke kira ambiyan, sauti ne kawai mai tafiya a hankali kamar yayyafi a kan kwano. Akwai na na'ura zalla. Sai kuma pos-rok, wanda jita ke farawa ƙasa-ƙasa, ta yi ta taruwa minti goma ko fiye, kafin ganguna su fashe gaba ɗaya. Shi wannan har hawaye yake sa ni (e, ni ɗin nan, da gemuna).

Wata rana ina wanki a bakin rijiya, sai maƙwabcin ɗakina Sagir, ɗan ajin ƙarshe a fannin noma, ya tsaya a kaina.

"Malam, wai me kake ji ne kullum haka? Karatu ne?"

Na ce kiɗa ne.

"To ka sam mana mana, mu ma mu ji."

Abin nema ya samu. A raina na ce yau na yi aboki, kuma ba zan bari ya kuɓuce ba. Kwana uku na yi ina zaɓen faifai, na tsayar da goma sha biyu, na yago takarda na rubuta bayanin kowanne. Har yau ina tuna wasu: "Wannan a ji shi bayan an yi ruwa." "Wannan kada ka yanke masa hukunci kafin minti na tara." (Mutum ya ce a sam masa, ni kuma na haɗa masa manhaja.)

Na hau mota har Sabon Gari don in sayo katin memori mai kyau, irin na zuba kiɗa a waya. Mai shagon, wani Oga Sunday, ya kwashe kiɗan daga wayata zuwa katin, ya sa a sifikarsa don gwaji. Ya kasa kunne, ya ƙara murya, ya girgiza kai.

"Aboki, wannan kati ba shi da kyau. Iska kawai yana fita. Bari in canja maka."

Na ce masa ai haka kiɗan yake. Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya ba ka lafiya." Da kunne ya ji, da jiki ya tsira.

Da na miƙa wa Sagir kati da takarda ranar Alhamis ɗin, dariya ya yi. "Kai, har da lakca? To ka fito majalisa anjima mu ji tare."

Majalisar benci biyu ne a gindin dalbejiyar ƙofar gida, inda samarin layin ke shan rake suna musun ƙwallo bayan la'asar. Kullum ta gabansu nake wucewa kaina a ƙasa. Ranar na sa sabuwar riga. Aka matsa min, wani mai suna Bala ya miƙo sifikarsa, ni kuwa maimakon in fara da ɗan gajere mai daɗin kunne, sai na zaɓi wanda na fi ƙauna, mai minti goma sha takwas.

Minti biyu shiru, sai wani ɗan gurnani can ƙasa. Bala ya ɗauki sifikar ya bubbuga.

"Caji ne ya ƙare?"

"A'a, ya fara," na ce. "Yanzu zai tashi."

Wani daga ƙarshen benci ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Wallahi firjin gidanmu ya fi wannan iya kiɗa."

Aka kwashe da dariya. Sagir ya ce su yi haƙuri su saurara. Ni kuma ina ta maimaita "yanzu zai tashi" duk bayan minti biyu, kamar kwandastan da motarsa ba ta cika ba.

To amma a minti na goma sha huɗu abin ya fara kama su. Jitocin suka hau kan juna, musu ya tsaya, har mai firji ya karkato da kai. Na san kiɗan nan ciki da waje, saura daƙiƙa talatin ganguna su shigo. Na ce a raina in suka ji wurin nan, shi ke nan na zama ɗan majalisa.

Sai ladanin masallacin layinmu ya ɗaga murya da kiran magariba.

Bala ya kai hannu zai kashe, kamar yadda kowa ya tashi ya ga ana yi. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba. Da ƙarfi na ce, "Don Allah ku dakata! Minti ɗaya kawai, ya tashi tukuna!"

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ladan da jitata. Ashe mai gidanmu, wani dattijo mai furfura, yana bayana riƙe da buta.

"Ɗana," ya ce a hankali, "ladanin ne zai dakata, ko mu?"

Bala ya zare hannunsa ya kashe sifikar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A sahun ƙarshe na yi sallar, can jikin bango, kuma ina sallamewa na ɗauki takalmina ban waiwaya ba.

Ban sake zama a majalisar ba. Na koma kai wa isha'i a ɗakin karatu don kada in same su a ƙofa. Yaran layi suka sa min suna Yanzu-zai-tashi. Sau biyu Sagir ya ƙwanƙwasa min ƙofa, na yi lamo kamar mai barci.

Sai ranar da ya gama jarrabawa yana loda kayansa a Keke muka yi kiciɓis. Ya laluba aljihu ya miƙo min katin.

"Na ji su duka, har na bayan ruwan," ya ce. "Gaskiya ban gane ba. Ni fa dama ba kiɗan ne ya dame ni ba. Na ga wata da watanni kai kaɗai, na rasa ta inda zan fara yi maka magana. Sati biyu muna ajiye maka wuri a benci, ba ka fito ba."

Na karɓi katin na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Darasin da na ɗauka shi ne, in mutum ya tambaye ka me kake ji, kafin ka rubuta masa faifai goma sha biyu, fara cire abin kunnen ka ji me shi yake faɗa. Na koya kam, sai dai kafin in gama koyo har an sa wa ɗakin Sagir kwaɗo.