Yaƙin Sallau da Baƙin Allo

Ni na riga kowa gani, ni Bawa Mai Tabon Agana, wanda ya ga yunwa biyu ya binne su, wanda mota ta kife da shi sau uku a hanyar Birnin Gwari ya tashi ya karkaɗe riga. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da idona ya gani ranar wannan Alhamis babu mai digirin da ya gan shi, don haka a kasa kunne.

Wannan ita ce ƙissar Sallau ɗan Nomau, jikan Jatau maƙeri, Sarkin Dalma, Sadaukin Sukudireba, mai tayar da rediyon da ta mutu tun mulkin soja, fitilar layin masu gyara na Funtuwa. Yayin da zamani ya juya, jama'a suka koma jin labarai a waya, shagonsa ya yi tsit kamar maƙabarta, sai ya miƙe a tsakiyar majalisa ya sha alwashin haɗa kwamfuta da hannunsa, ya koma buga katin biki. Wata bakwai yana tara rundunarsa gunduwa-gunduwa daga Kano: akwati, fanka, faifan ajiya, wayoyi kamar hanjin rago, da wasu koren sanduna guda biyu sirara da masana ke kira ram, waɗanda su ne ƙwaƙwalwar na'urar.

Aikinsa na farko katin auren 'yar yayarsa ne, Talatu mai ƙuli-ƙuli, wanda za a raba a masallacin Juma'a kashegari. Talatu kuwa, uwar amarya, ta kafa sharaɗi, in aka kira la'asar ba ta ga kati ba, za ta tsallaka titi ta kai wa Gambo, babban abokin hamayyarsa. Yayar mutum ta kai aiki shagon Gambo! Da haka ta faru, da Sallau bai sake zama a majalisa ba har abada.

Da hantsi ya ɗaga, gwarzo ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya danna maɓalli. Fanka ta juya da gurnani, fitila ta kama, zukata suka tashi, sai akwatin ya yi kuka uku, ƙiit, ƙiit, ƙiit, allo kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Ni ɗan Nomau!" in ji Sallau, ya afka.

Ya sauya wayar allo, kuka uku. Ya zare ɗan batirin da ke ciki ya ƙirga ɗari ya mayar, kuka uku. Ya ciro sandunan nan ya hure su da iskar bakinsa mai albarka, ya goge haƙoransu na zinare da kilinar fensir, ya kai ta dama hagu, ya kai ta hagu dama, ya gwada guda ita kaɗai kamar mai fitar da mayaƙi ɗaya fage, abokin gaba bai gusa ko taƙi ba. Azahar ta wuce, gumi ya jiƙa rigarsa har aljihu, Gambo ya fito da benci ƙofar shagonsa ya zauna yana shan rake yana kallo.

To ga sirrin da ni kaɗai na gano. Marigayi Nomau ya rene shi kan wasiyya guda, kada ya taɓa gwada wa kayan wuta ƙarfi. Saboda haka duk sa'ad da Sallau zai mayar da sandunan, sai ya aza su a raminsu a hankali, kamar mai kwantar da jariri, 'yan maƙalan gefe kuwa suna nan a buɗe sun wage baki. Tun hantsi na gan su. Ban faɗa ba ne don ba a tambaye ni ba.

Ladan na gyaran murya zai kira la'asar sai ga Talatu ta shigo, tana ƙanshin man gyaɗa, macen da ta shekara talatin tana matsar tunkuza, manyan yatsunta kamar taɓarya.

"Ina katina, Sallau?"

"Yaya, yaƙi ake yi, ki ja baya!"

Ta leƙa cikin akwatin ta taɓe baki. "Wannan abin da ke reto kamar haƙorin Baba Bawa fa? Haka aka ce a bar shi?"

"Don Allah, Yaya, kar ki taɓa, abin ba ya son…"

Ƙas! Ƙas! Ta danna ta farko. Ƙas! Ƙas! Ta danna ta biyu. Sallau ya dafe kai yana salati, ya ɗauka wata bakwai sun tafi a banza. Ya taɓa maɓalli. Kuka ɗaya tak, allo ya washe da haske, Gambo ya ɗauke bencinsa ya shige ciki.

Haka Sadaukin Sukudireba ya ci nasara, ya buga kati ɗari biyu kafin magariba, Talatu na tsaye a kansa tana gyara masa sunan ango. Kashegari a majalisa ya yi bayanin dabarun yaƙinsa dalla-dalla, bai ambaci yatsa ba.

Duk wanda ya ce ƙarya na yi, ya zo ya same ni a bakin shagon, in kai shi gidan Talatu da kaina, ya miƙa mata kunnensa ta danna sau ɗaya.