Rasuwar Kaset a Motar Issoufou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya rage na haƙuri, Malam Hafizu na unguwar Utaibiyya a Makka yake sanar da 'yan'uwa da abokan sauraro rasuwar kaset ɗinsa, wanda ya cika ranar Talata da azahar a motar amininsa Issoufou.

Marigayin shi ne kundin ƙarshe na wasu Turawa masu kiɗan rok, wanda suka fitar bayan mai gangarsu ya yi fushi ya tafi, suka sa na'ura a madadinsa. Tun Malam yana saurayi ya sayo shi a Jidda. Ya rayu cikin tsangwama. Duk zaman hirar Alhamis sai an ce bai gaji yayyensa, kundayen baya, ba, Issoufou kuwa ya sha rantsuwa cewa babu mai kunne da zai wuce waƙa ta uku. Marigayin bai taɓa ramawa ba. Iyakarsa “shhh” kafin jita ta tashi, da “ƙas” idan gefe ya ƙare.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Issoufou ya are shi, wai don ya tabbatar da maganarsa, ya shiga masallaci ya bar shi a jikin gilashin gaban mota. Mutumin da aka haifa a unguwar Zahir kamar Issoufou ya san yadda ranar Makka take yi wa roba. Aka dawo da shi a lanƙwashe kamar gurasa. Majid, ɗaya daga masu zaman Alhamis, ya ce da gangan ne, har ya faɗa wa Issoufou a gaban mutane. Tun daga ranar nan Issoufou bai ɗaga waya ba, ya kuma canza masallaci. Abotarsa da Malam kuwa tun ta allo ce.

Marigayin ya bar yayye masu farin jini, da tsohuwar rediyo, da biron da ake naɗe shi da shi, da uwargidan Malam, Maryama, wadda ta ɗauki rashin da sauƙi ƙwarai.

Wajen shirya gawar ne Malam ya lura da wani abu. Bai taɓa ba da kaset aro ba sai ya mayar da shi farko. Ga shi zaren duk ya koma ɗaya ɓarin: an bi gefen farko har ƙarshe, an wuce waƙa ta uku. A fahimtar Malam, an ciro shi ne za a juya, sai aka kira salla.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis bayan la'asar a ƙofar gida, da gahawa da dabino. Makwancinsa kwalin dabino ne a saman kabad. Mai niyyar cewa waƙoƙin suna nan a waya, ya yi haƙuri ya riƙe a cikinsa. Majid zai zauna can baya.

A sahun masu karɓar gaisuwa an ajiye kujeru biyu. Ɗaya ta Issoufou ce, kuma ba za a rufe kwalin ba sai ya zauna.